Igiya Mai Ƙulli Uku

Ina durƙushe a ƙarƙashin tebur da sufana a hannuna wayata ta yi ƙara. Ƙarfe ɗaya ta ɗan gota a Guangzhou, a Kano kuwa gari bai gama wayewa ba. Da na ga lambar Baffa, ƙanin mahaifinmu, sai na san ba lafiya ba, domin tun da na zo China bai taɓa kirana ba.

Ya yi sallama, ya tambaye ni aiki, ya tambaye ni ko akwai mutane kusa da ni. Na ce akwai. Sai ya ce, "To, sai dai mu yi haƙuri. Yayanka Allah ya yi masa rasuwa, yanzu bayan asuba."

Na ce, "Wane yayan?"

Yaya ɗaya gare ni a duniya. Baffa ya bar ni na ji tambayar da kunnena. Sannan na yi salati, shi ma ya yi. Ya ce ƙarfe tara za a kai shi. Da ya kashe wayar na ci gaba da zama a ƙarƙashin teburin, sufanar tana hannuna. Noti biyu ne suka rage in ɗaure.

Teburin nasa ne. Sati bakwai na yi ina gyara masa wurin zama, don ya dawo ya tarar.

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a hawa na shida, a wani bene da ke kan titin Guangyuan, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Aikinmu tura kaya gida. 'Yan kasuwa daga Kano da Maraɗi da Yamai su sayo tufafi a kasuwar Canaan, su kawo mana, mu ɗora a sikeli, mu rubuta alamar kowa a jikin dilarsa, mu haɗa a kwantena. Yaya ya riga ni zuwa da shekara huɗu. Shi ya ɗauko ni daga shagon ɗinki a Fagge, inda na yi shekara goma sha huɗu a kan keke. Ni ke ɗaure kaya ina ɗinke bakin buhu da basilla, shi kuma yana gaban kwamfuta daga safe har la'asar, yana shigar da jerin kaya yana amsa waya. Ta ukunmu wata mata ce 'yar ƙasar, ta girme ni, ita ke yi mana tafinta. Tana ce da Yaya lawban, wato maigida, ni kuma ƙaramin lawban.

Ɗakin kwananmu ɗaya ni da shi, kwanon cinmu ɗaya. Idan ba lokacin zuwan baƙi ba ne, sai in yi kwana uku ban yi Hausa da kowa ba sai shi.

Teburin da yake aiki a kai mun gaje shi ne daga wanda ya bar ɗakin. An yi shi ne don gajeren mutum, Yaya kuwa dogo ne, ya fi ni da kusan kai guda. Gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashi, sai ya zauna a kaikaice a kan wata jar kujerar roba marar majingina, ya dogara da gwiwar hannun hagu, ya sunkuya a kan ƙaramar kwamfutar nan mai ninkewa. Da yatsa biyu yake bugawa. Idan waya ta shigo sai ya maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa ya ci gaba. Haka ya yi shekaru.

A wurin salla na fara lura. Shi ke ja mu, mu biyu, a tsakanin dilolin kaya. Na ga idan ya zo sallama ba ya juya wuya, sai ya juyo da ƙirjinsa gaba ɗaya. Daga baya ruku'u ya fara yi masa wuya. Ya koma liƙa wata filasta mai warin magani a ƙeya da ƙugu, har warin ya kama rigunanmu duka.

Tafinta ta kai shi wurin wani dattijo mai tausa a bayan layinmu, ni ma na bi su. Bayan ya gama murza shi sai ya ɗauko takarda ya zana mutum a zaune. Tafin ƙafa a shimfiɗe a ƙasa. Gwiwa daidai da mazauni. Gwiwar hannu daidai da saman tebur, kafaɗa a sake. Saman fuskar kwamfuta daidai da ido, nesa da mutum tsawon hannu. Ya ce kuma duk rabin awa a tashi a ɗan taka. Tana fassarawa ina gyaɗa kai, don ba baƙon abu ba ne a wurina. Maigidan da ya koya mini ɗinki ba ya barin kowa ya hau keke sai ya zaunar da shi ya duba. Idan gajere ne ya ƙara masa matashi, idan dogo ne ya cusa katako a ƙarƙashin keken. Yakan ce tela ba ya tsufa da shekaru, da zama yake tsufa.

Da muka fito na ce, "Yaya, ka ji. Teburin nan ne yake cin ka."

Ya ce, "Tela, kai komai sai ka ce awo ne bai yi ba."

Haka yake kirana, Tela, tun ina koyo.

Wata rana lif ya lalace, muka hau ta matakala mu uku. A hawa na huɗu Yaya ya tsaya, ya jingina da bango, ya riƙe hannunsa na hagu. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Tafinta ta dube shi ta ce a tafi asibiti, yanzu. Ni na ce ba sai an je ba. Na ce wannan hannun ne yake dogara da shi yini guda, jijiyar wuya ce ta sauko. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, irin na wanda ya san sana'arsa. Yaya dama ba ya son asibiti a ƙasar da ba ya jin me likita ke cewa. Ya ce, "Tela ya yi gaskiya." Da muka isa sama na liƙa masa filasta a kafaɗa.

A shekarar ne China za ta karɓi wasannin Olamfik, sai aka tsananta maganar biza. A da mutum yakan tsallaka Hong Kong ko Macau ya dawo da sabon hatimi. Wannan karon aka ce sai dai kowa ya koma ƙasarsa ya nemo. Tawa tana da sauran watanni, ta Yaya kuwa ta zo ƙarshe. Benenmu ya fara yin shiru, ƙofa bayan ƙofa da kwaɗo.

Ana saura kwana biyu ya tafi muna cin abinci, ya ajiye cokali ya ce, "Anya idan na tafi zan dawo kuwa? Jikin nan ya gaji da China. Gara in zauna a kasuwar Kwari in riƙa karɓar kaya, kai ka riƙa turowa."

Ban iya ci gaba da cin abincin ba. Ba aikin nake tsoro ba. Na tuna ɗakin kwananmu ne da katifa biyu, na ga ni kaɗai a ciki.

Na ce, "Ka ba ni wata biyu. Idan ka dawo ka zauna sati guda ciwon bai ragu ba, ni da kaina zan raka ka filin jirgi."

Ya ce, "To, mu gani."

Ranar tafiyar da safe na ce sai na auna shi. Tef ɗina na awo yana Kano, kuma ko da yana nan, ba ni da bakin da zan gaya wa mai sayar da kujera inci kaza. Sai na yanko igiyar da muke ɗaure kaya da ita. Na jera kwalaye har suka kai inda cinyarsa ta miƙe sosai, na ce ya zauna. Ba takalmi a ƙafarsa, don a ofishin muke salla, a bakin ƙofa muke cirewa. Na take bakin igiyar da babban yatsana a ƙasa, na ja ta zuwa bayan gwiwarsa, na ƙulla.

Ya leƙo yana kallona. Ya ce, "Kai Tela, a garinmu fa gawa ake yi wa irin wannan awon. Saura ka samo kara."

Na ce, "Haba Yaya, wace irin magana ce wannan da safe, kuma za ka hau jirgi?"

"To ai gaskiya ce. Ka ƙara mini kamu ɗaya, ba na son matsi."

"Miƙe bayanka, don Allah."

Na sa tafin hannuna a bayansa na lalubo kwarin da ke saman ƙugu, inda majingina ya kamata ta tokare, na yi ƙulli na biyu. Na ce ya saki kafaɗa ya lanƙwasa hannu kamar zai yi rubutu, na yi na uku a gwiwar hannun. Saura na ido. Wannan sai mutum ya zauna tsam, ya dubi gabansa. Shi kuwa dariya yake ta yi, yana ce wa tafinta ƙanensa zai ɗinka masa kujera. Ana cikin haka mai motar da zai kai shi ya kira, ya ce ba wurin tsayawa a ƙasa, 'yan sanda na korar motoci.

Yaya ya miƙe ya ɗauki jakarsa. Ya ce, "Sauran idan na dawo."

Na riƙe wannan maganar. A wurina alkawari ce.

Na yi Asabar biyu ina yawon neman kujera. Inda na shiga sai in warware igiyar, in nuna ƙulli, in nuna kujera. Su dube ni su ce, "Mayo, mayo," wato babu. A shago na biyar ko na shida na sami wani mutum mai furfura yana cin taliya a bakin ƙofa. Ya ajiye kwanon, ya karɓi igiyar, ya take bakinta a ƙasa kamar yadda na yi, ba tare da na nuna masa ba. Ya jawo wata baƙar kujera mai ƙafa biyar da tayoyi, ya ja wani ƙarfe a gefenta ta ɗago har mazauninta ya kai ƙullin farko. Ya murɗa wani abu a baya, tudun majinginar ya hau ya tsaya a na biyu. Sannan ya ɗaga hannu sama da kansa, yana tambaya ko mai kujerar dogo ne. Na ce e. Ban taɓa jin wani ɗan ƙasar ya fahimce ni kamar ranar ba, kuma ba mu yi kalma biyar ba.

Sauran aikin a hankali na yi shi, bayan an tashi. Na juya teburin ya bar fuskantar taga, don hasken ya riƙa zuwa ta gefe. Na sayo kibod daban da maus, don a iya ɗaga kwamfutar sama hannu kuma ya zauna a ƙasa. Na sayo abin saƙalawa a kunne saboda waya. Teburin ya gaza ƙulli na uku da yatsa huɗu, sai na sa aka yanko mini katako huɗu masu kauri, na huda ƙafafun na ɗaure su da noti.

Kwamfutar ce ta tsaya mini. Muna da manyan littattafan hotunan kaya da ake rabawa a baje kolin Pazhou, kowanne ya kai kaurin bulo. Na ɗora ta a kan uku, na ga kamar ta yi ƙasa. Na ƙara na huɗu, na ga kamar ta yi sama. Bambancin kaɗan ne, amma kaɗan ɗin nan shi ke sa mutum ya sunkuya ko ya ɗaga haɓa yini guda. Ban so in yi masa kintace.

Na kira shi na ce ya zauna a kujera ya miƙe, a auna daga mazauni zuwa idonsa, ya faɗa mini. Ya yi dariya har da tari. Ya miƙa wa matarsa wayar, wadda ni da ita ba ma haɗuwa sai da tsiya.

Ta ce, "Kai ƙaramin miji, ka bar mini mijina ya huta. Shekara nawa kuna riƙe da shi?"

Na ce, "Aro muka ba ki, Anti. Ki auna mana shi mu ga ko kin rage."

"Sai na ga dama. Ina ma na ga tef?"

"Ki ara a maƙwabta."

Da ya karɓi wayar ya ce an ce ya koma ofishin jakadanci sati mai zuwa. Ya tambaye ni kujerar tana juyawa? Na ce tana juyawa. Ya ce, "To ka bar hawa, kada ka saba." Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Kwana huɗu ke nan kafin kiran Baffa.

Ranar, da na fito daga ƙarƙashin teburin, tafinta ta dubi fuskata ta gane. Ta ce, "Lawban?" Na gyaɗa kai. Ta rufe bakinta da hannu. Ta zuba mini ruwan zafi a kofi, kamar yadda suke yi wa kowace damuwa, ta ja ƙofa ta zauna a waje tana sallamar masu zuwa.

Na zauna a jar kujerar roba ina duban agogo. Ƙarfe tara na Kano ƙarfe huɗu ne a nan. A shagunan ƙasa duk an kunna talabijin, ana wasannin, lokaci lokaci sai ihu ya taso ta taga. Na san abin da ake yi a gidanmu daki daki. Na san an ɗora ruwa, an aika a yanko likkafani. Na san wani ya je ya samo kara, ya shimfiɗa shi a gefen Yaya daga kai zuwa ƙafa, ya karya, ya kai wa masu haƙa. Ni tela ne, na ɗinka likkafanin mutane da yawa a unguwarmu. Na ɗan'uwana wani ne ya ɗinka. Da huɗu ta yi na tashi na yi alwala na yi la'asar ni kaɗai, na daɗe ban shafa addu'a ba.

Washegari 'yan uwa suka zo ta'aziyya, waɗanda biza ta bari. Ba su kai goma ba. Muka zauna a kan diloli da kwalaye. Wani Alhaji ɗan Maraɗi, tsohon abokin cinikin Yaya, ya shigo a ƙarshe, ya ga kujera ba kowa, ya nufe ta. Shi gajere ne mai jiki. Da ya zauna sai ƙafafunsa suka tashi daga ƙasa, kujerar ta ɗan juya da shi. Wani ya danne dariya.

Ya ce, "Kai, wagga kujera ta dogo ce. Wa ad da ita?"

Ya dubi teburin, ya ga sababbin katakai a ƙafafunsa da sufana a ƙasa. Ya sauko a hankali, ya dawo kusa da ni ya zauna a kan kwali. Ya kama hannuna ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Bai zamna bisa ba ko?"

Na ce, "Bai zauna ba."

Bayan sadakar bakwai matar Yaya ta kira ni. Muryarta ta dushe, ba ta ce mini ƙaramin miji ba. Ta ce ya dawo daga masallaci ne ya zauna a bakin gado ya ce ƙirjinsa, kafin a samo mota ya cika. Likitan da ya duba shi ya ce zuciya ce, kuma irin wannan ba ta zuwa ba sallama, ya tambaye su ko ya taɓa kukan ciwon hannu ko kafaɗa. Ta ce, "Can wurinku yana yi?"

Na ce, "Yana yi."

Maganar matakala ban gaya mata ba, ban kuma gaya wa kowa a gida ba. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Na kuma san ni ne na ce ba sai an je asibiti ba. Duka biyun ina ɗauke da su. Wuyan da ƙugun teburin ne, wannan ban yi kuskure ba. Hannun ne ban sani ba, kuma na yi magana kamar na sani.

Kafin ta kashe ta ce, "Na aro tef ɗin fa. Daren da zai rasu ya ce in auna shi kada ka dame mu, na ce ya bari sai da safe. Yana nan a kan talabijin, na kasa mayar musu."

Aiki bai tsaya ba, kaya suna zuwa, dole wani ya zauna a gaban kwamfuta. Tafinta ta koya mini, da yatsa biyu ni ma. Sati biyu na yi a jar kujerar roba, amma teburin ya riga ya yi mata tsawo, kafaɗuna suka fara ciwo. Sai na hau baƙar kujerar. Ƙafafuna ba sa kaiwa ƙasa sosai, tudun majinginar yana tokare ni sama da inda ya kamata.

Tafinta ta nuna mini ƙarfen gefen. Ta ce, "Ƙaramin lawban, ja kawai, ta sauka. Katakon ma a cire."

Na ce a bari. Na jawo wani kwali mai ƙarfi na sa a ƙarƙashin ƙafafuna. Ta dube shi, ta ce ai mai tausa ma ya ce idan tebur ya fi mutum haka ake yi. Ba ta sake tayar da maganar ba. Notin nan biyu na ɗaure su, don teburin yana girgiɗi.

Na ƙara shekara ɗaya da rabi a ɗakin. Baƙi suka dawo bayan wasannin, benen ya sake cika, amma da yamma idan na koma masauki katifa biyu nake tararwa. Duk rabin awa nakan tashi in taka zuwa taga in dawo, kamar yadda aka ce Yaya ya riƙa yi. Kwamfutar tana kan littafi uku, na huɗun yana gefe a kan teburin. Ni ukun sun yi mini yawa kaɗan, ina ɗaga haɓa, da la'asar ƙeyata takan yi nauyi. Ban rage ba.

Da na tashi dawowa gida na bar wa tafinta kujerar. Na ga lokacin da ta ja ƙarfen ta sauke ta daidai ita, ban ji haushi ba. Igiyar kawai na ɗauko. Yanzu na koma kan keke a Fagge, tana cikin aljihun keken tare da allurai da alli. Ƙulli uku ne a jikinta, sai wani dogon saura da ba komai. Har yau ban san ko littafi uku ne daidai idonsa ko huɗu ba.